Tsakanin Hange da Leƙe

Jawabin da wani malamin firamare ya gabatar a taron reshen Baure na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya

 

Da aka ce in yi magana yau, na san wasu sun zaci a kan albashi ko ƙarin girma zan tsaya. Waɗannan suna da masu magana a kansu, kuma sun fi ni iyawa. Ni kalma ɗaya tak na riƙo, ta Turanci, mai haruffa huɗu. Ita ce ta kunyata ni a gaban aji, daga baya kuma ta tuna mini da wani laifi da na yi shekaru da suka wuce. Ina roƙon ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe.

A zangon da ya wuce, wani yaro ɗan aji shida ya kawo mini tsohon littafin labarai na Turanci da ya samu a cikin kayan wansa. Ya ɗora yatsa a kan wata kalma, ya ce, "Malam, mene ne ma'anar wannan?" Na duba na ga an rubuta espy. Ban taɓa gamuwa da ita ba, ko a Kwalejin Ilimi. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ga ta yi kama da spy, na ce masa ai leƙen asiri ke nan. Yaron ya yi shiru, ya sake kallon shafin, sa'an nan ya ce, "To Malam, matuƙin jirgin ruwa ne ya yi wa tsibiri leƙen asiri?" Ajin ya yi tsit. Na ce masa ya bar mini littafin zuwa gobe. A daren nan na ari ƙamus wurin wani abokin aiki, na haɗa da abin da waya ta iya buɗe mini, na zauna bincike. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ranar nan yaron ne matambayin, ni ne na ɓata.

Ga abin da na samu. Espy aikatau ne, ma'anarsa mutum ya hango abin da ke nesa, ko ya tsinkayi abin da ya ɓoyu, wanda sauran mutane ba su lura da shi ba. Matuƙin nan hango tsibiri ya yi, ba wani asiri da ya tona. A yau Turawa ba su cika faɗin kalmar a hira ba, sai a tsofaffin littattafai da rubutun adabi. Ita kuwa spy, wadda kowa ya sani, babbar ma'anarta ita ce kallon mutum a ɓoye domin a kwashi labarinsa a kai wa wani. Amma da na ƙara bi, sai na tarar ban yi nisa ƙwarai da gaskiya ba, domin kalmomin biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Dukkansu daga tsohon Faransanci suka fito, daga kalmar espier, wato sa ido a kan abu ko fakonsa. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetara teku daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da shari'a a Ingila na ƙarnoni, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci, kamar yadda Larabci ya kwarara cikin Hausa ta hanyar malamai da fatake. Wajen ƙarni na 13 da na 14 wannan kalma ta riga ta zauna a bakin Ingilishi, kuma ta zauna da fuska biyu. Wasu suka riƙe wasalin farko suka ce espy, wasu suka yar da shi suka ce spy. Haka ya faru da wasu kalmomin: estate da state, especial da special. A hankali kowace ta kama hanyarta. Mai wasali ta tsaya a kan hange, marar wasali ta ɗauki nauyin leƙe.

Su ma Faransawa aro suka yi. Sun samo ta ne daga harshen Farankawa, wata al'umma mai yaren dangin Jamusanci, wadda daga sunanta aka samu sunan Faransa. A tsohon Jamusanci ana cewa spehon, har yau kuma Jamusawa suna cewa spähen ga mai leƙe ko mai tsinkaye. To daga ina wasalin farko ya fito? Harshen mutanen Faransa na wancan zamani bai saba fara kalma da s da p a manne ba, sai suka sa e a gaba don bakinsu ya samu sauƙi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Bahaushe ma ba ya son baƙaƙe biyu a manne a farkon kalma, sai dai shi a tsakani yake tsarma wasali: sikeli, sitiyari, sufana. 'Yan uwanmu na ƙetaren iyaka, na Magarya da Damagaram, waɗanda suka yi boko da Faransanci, sun san ɗiyan wannan kalma: épier, wato faƙo, da espion, wato ɗan leƙen asiri.

Masana harshe sun bi saiwar har ƙasa. Tun da wani alƙali Bature mai suna Wiliyam Jons ya yi jawabi a Kalkata ta Indiya a 1786, ya nuna cewa Sanskirit da Girkanci da Latin dangin juna ne, aka shiga kwatanta kalmominsu. A nan aka gano cewa spehon na Jamusawa da specere na Latin, wato duba, tushensu ɗaya. Daga wannan kalma ta Latin Turanci ya samu tarin kalmomin da muke koyarwa kullum ba tare da mun san 'yan gida ɗaya ba ne. Spectacles, wato tabarau. Respect, girmamawa, asalinta waiwayowa a sake duban mutum. Suspect, zargi, asalinta kallo ta ƙasan ido. Sai kuma inspect, duba cikin abu, wadda ta haifi inspector.

'Yan uwa, ku saurari wannan ta ƙarshe da kyau. Inspector ita ce ta shigo Hausa muka yar da kanta, muka tsarma wasali, muka mai da p ta zama f, muka ce sufeto. Ashe sufeton da ke zuwa duba makarantunmu, da ɗan leƙen asiri, da tabarau, da girmamawa, da zargi, duk jikokin kaka ɗaya ne. Ido ne tushensu. Abin da ya raba su shi ne inda mai kallon ya tsaya, da niyyar da ya tsaya da ita, da kuma wanda zai kai wa abin da ya gani.

Harshenmu bai bar mu a baya ba wajen wannan rarrabewa, har ma ina ganin ya fi Turanci tsanaki. Muna da gani, da kallo, da duba, da hange, da tsinkaye, da leƙe, da waiwaye, da harara. Muna ƙura ido, muna zura ido, muna sa ido, muna satar kallo. Kowace da gurbinta. Kuma mu ma daga ido muka gina girmamawa, domin cewa muke yi ina ganin girmansa, ina ganin mutuncinsa. Ita kanta leƙa ba mummunar kalma ba ce. Ana leƙa rijiya a ga ko da ruwa, ana leƙa maƙwabci marar lafiya a gaishe shi. Ba ta ɓaci sai an haɗa ta da asiri, kalmar da muka aro daga sirru na Larabci. Kun kuwa san babu addu'ar da ta fi yawa a bakin Bahaushe kamar Allah ya rufa asiri. Mai leƙen asiri yana ƙoƙarin buɗe abin da kowa ke roƙon Allah ya rufe masa ne, shi ya sa jama'a ba ta ƙaunarsa.

Addininmu ya yi magana a sarari. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta haɗa hani uku wuri ɗaya: yawan zato, da tajassusi, wato bin diddigin sirrin mutane, da giba. Duk wanda ya zauna a ofishin malamai ya san dalilin jerin nan. Zato ne ke aika ido, ido ya dawo ya ba harshe. Aya ta 27 ta Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, hadisi ingantacce ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Kakanninmu sun mai da wannan hukunci gini. Ku dubi zauren gidan Bahaushe: ƙofar waje ba ta kallon ƙofar ciki, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida.

A tarihin ƙasarmu ta Daura ma akwai darasi. A wata ruwaya ta labarin Bayajida, da gari ya waye aka ga macijin rijiyar Kusugu a kwance, Magajiya Daurama ta aiki manyanta su gano mata. Galadima ya tsaya daga nesa, tsoro ya hana shi matsawa. Kaura kuwa ya je har bakin rijiya ya taɓa, ya tabbatar macijin ya mutu, ya koma da labari tabbatacce. Ɗaya ya hanga, ɗaya ya duba. Hange mafari ne, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wani lokaci kuma ido ɗaya ne, sunansa ke bambanta gwargwadon mai faɗa. Kyaftin Kilafaton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da karamci. Da ya komo a 1826, labari ya riga shi zuwa cewa ɗan leƙen asiri ne, kuma haka Ingilishi suka fara shiga Indiya ɗaya ɗaya kafin su mamaye ta. Ya rasu a ƙasar Sakkwato a watan Afrilu na 1827. A Ingila matafiyi mai binciken ƙasa suke kiransa. Amma a 1903 sojojin ƙasarsa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Masu zargin nan sun hango abin da ya ɗauki shekara saba'in da shida kafin ya iso.

Yanzu bari in dawo makaranta, domin a can maganar take da nauyi. Idanu uku ne ke yawo a kowace makaranta: idon ɗalibi, da idon hukuma, da idon malami.

Idon ɗalibi kun san halinsa ranar jarrabawa. Wuya ya miƙe, ido ya sauka a takardar maƙwabci. Ƙasar nan tana da doka a kan maguɗin jarrabawa tun 1999, amma doka ba ta zuwa aji uku. Mu ne a can. Yaron da ya saba satar amsa a firamare ba zai daina a sakandare ba. Abin da ya fi ciwo shi ne wani lokaci mu manya ne muke kau da kai, ko mu rubuta amsar a allo don a ce makarantarmu ta yi ƙoƙari. Wanda ya yi haka ya koya wa yaro cewa laifi shi ne a kama ka, ba ka aikata ba.

Idon hukuma kuwa muna bukatarsa, kada wani ya ji na ce a daina duba makarantu. Aikin da ba a dubawa lalacewa yake yi. Amma akwai sufeto, akwai kuma ɗan uwansa na asali. Shekarun baya, a wata makarantar da na koyar, wani jami'i ya zo ya ajiye babur ɗinsa nesa, ya zagayo ta baya, ya laɓe a jikin taga yana sauraro. Yara sun gan shi, ni ban gan shi ba. Na ga dai hankalinsu ya tafi, na yi ta faɗa. Bai shigo ba, bai nemi shirin darasina ba, bai tambaye ni abin da ya sa yara suka fi benci yawa ba. Sai takardar tuhuma na gani bayan mako biyu. Bayan wasu shekaru wani jami'in ya zo. Ya yi sallama, ya zauna a bayan aji daga farkon darasi har ƙarshe, sa'an nan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, tambayoyinka duka ga layin gaba suke tafiya." Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe ina amfana da ita. Na farko ya zo kama ni, na biyu ya zo gyara ni. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: malamin da ke sa hannu a rajista ya sulale zuwa kasuwa ko gona, shi ne ke koya wa jami'i laɓewa a taga. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai kuma sabon leƙen da waya ta kawo mana. Abokin aiki ya gyangyaɗa a kujera bayan ya kwana jinyar ɗansa, wani ya ɗauke shi hoto a ɓoye ya watsa a zauren WhatsApp. Ko a yi hira a inuwa, wani ya naɗi murya ya aika sama don neman shiga. Ƙungiyar nan an kafa ta tun 1931 don malamai su riƙe hannun juna. Ba ta da wani ƙarfi in kowa yana tsoron wayar ɗan uwansa. Wanda ya ga kuskure ya sami mai shi ido da ido. In abin ya shafi cutar da yaro ko cin amanar dukiyar makaranta, ya kai ƙara a fili da sunansa, domin rufe wannan ba rufin asiri ba ne, haɗa baki ne. Haka nan sa ido a kan baƙuwar fuska da ke zagaya makaranta wajibi ne. Tun daren da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, babu malamin jihar nan da zai kira wannan shisshigi. Makiyayi ne ke duban garkensa.

Saura ido na uku, namu, kuma a nan laifina yake. A shekarun farko na aikina akwai wata yarinya a aji huɗu da ke zama a layin baya. Duk lokacin da na yi rubutu a allo, sai in ga ta karkata tana kwafa daga littafin ta kusa da ita. Na gargaɗe ta, ba ta daina ba. Na fara fakonta. Nakan juya kamar ina rubutu, in waiwayo da sauri in kama ta. Na kira ta mai satar amsa a gaban aji, na sa mata bulala fiye da sau ɗaya. Ba ta taɓa kare kanta ba, sai dai ta sunkuyar da kai. Da suka shiga aji biyar, wata malama ta karɓe su. Cikin mako guda ta same ni ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta ganin allo." Ta lura ne da yadda take tsuke ido in ta kalli nesa, ta kira ta gaba, ta karanta komai daidai. Shekara guda cur idona yana kan yarinyar nan, ban gan ta ba. Ni na yi spy, malamar ta yi espy. Ni na nemi laifi na same shi, ita ta hango abin da ya ɓoyu. An gaya wa mahaifinta, amma kafin a kai ga tabarau yarinyar ta riga ta tsani makaranta, ba ta kuwa gama aji shida ba. Na je gidansu na nemi gafara, ta ce ta yafe. Yafewarta ba ta mayar da ita aji ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba ya cin ko kwabo. A makon farko na kowane zango, kowane malamin aji ya rubuta haruffa da lambobi a allo da girman da ya saba rubutu. Ya tsai da yara ɗaya bayan ɗaya a bangon baya, kowa ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, ya sauya ya rufe ɗayan. Wanda bai iya haruffa ba tukuna a zana masa da'ira da layi da kibiya ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya kasa a dawo da shi gaba a ranar, a sanar da iyayensa su kai shi a auna idonsa. Haka za a yi wa kunne: a tsaya bayan yaro a kira sunansa a hankali. Yaron da kullum sai an maimaita masa magana, wataƙila ba taurin kai ba ne. Mai barci a darasin farko, a tambaye shi ko ya karya kumallo kafin a ɗaga bulala. Ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan cikin abin da za a tattauna da hedimastoci.

Ku kuma iyaye da ke nan, musamman iyaye mata, idonku ya riga namu. In kun ga yaro yana manna littafi a fuska, ko yana yawan kukan ciwon kai bayan makaranta, ku leƙo mu, leƙe irin na zumunci, ku faɗa mana.

Washegarin ranar nan na mayar wa yaron littafinsa. Na tsaya gaban aji na ce jiya na ba ku amsa ba daidai ba, ga daidai. Na rubuta espy a allo, na rubuta hango a gabanta. Sa'an nan na tambayi 'yan layin baya ko kowa yana gani. Yara biyu suka ce ba sa gani sosai. Yanzu a gaba suke zama.

Allah ya ba mu idon da ke ganin amanar da ke hannunmu, ya kau da idonmu daga abin da bai shafe mu ba, ya rufa mana asiri duniya da lahira.